Numfashin Don Nicanor

Ranar Laraba da hantsi motar Sucre ta sauke Zulema Justiniano a tashar Potosí, garin da ke can kan tsauni, jaka ɗaya a kafaɗa, ƙaramin akwatin obo rungume a ƙirji. Obon nan algaita ce baƙa siririya mai maɓallan azurfa, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yarinyar tana busa ta a garinsu Santa Cruz, can gangare inda zafi yake. An kira ta ne ta yi busa a taron Sababbin Hannu, wanda Doña Herminia Calvimontes ke shiryawa duk Asabar ɗin farkon wata, ƙarfe huɗu na yamma, a wani tsohon ɗakin ibada da ke bayan kasuwa.

Ƙa'idar Doña Herminia guda ce, ko ɗan gwamna ne kuwa ba ta sassauta masa. Matashin da ta kira ya fara da abin da ya ga dama na manyan marubuta kiɗa da suka mutu, amma dole ya rufe da sabon kiɗa na wani mai rai, wanda kunne bai taɓa ji ba, mai shi kuma yana zaune a layin gaba. Ita ke haɗa mai busa da mai rubutu, ba ta neman shawarar kowa. Zulema aka haɗa ta da wani Don Nicanor Villca, wanda duk makarantar kiɗansu babu mai ko labarinsa. Shafi huɗu aka aiko mata cikin ambulan, rubutun hannu da fensir, kiɗan obo ita kaɗai ba rakiya. A saman layin ƙarshe mutumin ya rubuta cewa a busa shi da numfashi ɗaya.

Layin bai ba ta tsoro ba. Sauti talatin da ɗaya ne a jere, sannu a hankali, tana kuma kai shi ƙarshe a ɗakinta har da sauran iska. Dogon numfashi ai shi ne abin taƙamarta, malaminta ma da shi yake yi wa sauran ɗalibai gori. Abin da ya ƙona mata rai sauran shafukan ne. Masu rubuta kiɗa suna ɗiga ɗan waƙafi a saman layi inda mai busa zai ja numfashi. To shi wannan bawan Allah, kowane sauti biyar ko shida sai ya ɗiga, har a tsakiyar jimlar da kowa ya san ba a yanka ta. Zulema ta ce wannan aikin wanda bai san obo ba ne. Ta ɗauki kilina ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta goge tas, ta hure takardar, ta yi wata shida tana busa dogayen jimloli masu santsi, tana jin ta gyara wa tsoho kiɗansa.

Matakala goma sha tara ce zuwa ɗakin baƙi a gidan Doña Herminia. Sau biyu Zulema ta tsaya ta dafa bango. Matar gidan kuwa, mai shekara saba'in da ɗoriya, tana sama riƙe da butar shayin ganyen koka tana kallonta.

"Sannu 'yar gangare," in ji ta. "Mu nan iskarmu ta awo ce, ba a ɗiba da garwa. Sha wannan, ki kwanta, kada ki taɓa abin busa sai gobe."

Ba ta ji ba, mana. Ƙofa na rufewa ta buɗe akwati. A bakin obo akwai wasu 'yan ɓarin kara guda biyu da ake ɗaurewa da zare, masu busa suna ce musu harshe, kowa kuma shi ke feƙe nasa da wuƙa. Goma sha biyu ta zo da su, kowanne ta gwada shi a gida yana magana raɗau. Ta jiƙa na farko ta sa a baki, ya yi shiru. Na biyu ya yi wani kuka irin na agwagwa. Haka har na goma sha biyu. Karan da aka feƙe a danshin gangare, in ya hau tudun nan sai ya ƙame ya ƙi motsi, duk mai busa a garin nan ya san haka, ita ce dai ba wanda ya gaya mata.

Ranar Alhamis ta wuni a bakin taga da wuƙa. Biyar ta lalata, biyu suka yarda suka yi magana. Da la'asar ta jingina takardun Don Nicanor ta fara busa. Jimlar farko, wadda take wucewa a gida ko tunaninta ba ta yi, a tsakiya ta karye. Ba ƙarewa iskar ta yi ba. Obo 'yar ƙofarsa ƙarama ce, iska ba ta fita da yawa, sai ta zauna a ƙirji ta mutu, jiki yana neman sabuwa. A gida wannan sai an yi nisa yake zuwa. A nan kuwa kafin ta ƙirga goma kanta ya fara juyawa. Ta sake, ta karye a wani wurin. Ta sake. Kowane karo inda take yankewa daban, kiɗan ya zama kamar tsumman da ɓera ya ci. Can ta ajiye obon a cinya ta zuba wa farar takardar ido, inda waƙafan suke a da. Kunya ta kama ta, irin wadda mutum ke ji shi kaɗai a ɗaki.

Da ta gaya wa Doña Herminia, matar ba ta ɗaga murya ba. Ta ce babu wani kwafi, fensirin tsohon ba ya fita a injin kwafi, shi ya sa ta aika da na ainihin, tana zaton masu ilimi za ta aika wa. Ta tambayi Zulema ko a makarantarsu haka ake koya musu, in an ba mutum aron riga ya rage mata hannu. Sannan ta kwatanta mata gidan tsohon, can sama a unguwar masu haƙar kuza, ta ce wanda ya goge, shi ne zai hau.

Da safiyar Juma'a ƙaramar bas ta kai ta inda kwalta ta ƙare, sauran ta taka da ƙafa tana hutawa a kowace kwana. Wata mata mai kitso biyu har baya ta buɗe ƙofa, ta ce ita ce Delfina, 'yarsa. Tun a soro ta ja ta gefe ta gaya mata abin da ya kamata ta sani. Mahaifinta ya yi shekara ashirin da shida a cikin rami, ƙura ta cinye masa huhu. A da shi ne mai begilar badujalar 'yan haƙa, shi ke rubuta musu abin da za su busa ranar biki da ranar jana'iza, amma rabonsa da sa begila a baki shekara ashirin. Likita ya ce kada a sa rai da wani sanyin bayan wannan. Ta roƙe ta kada ta sa shi dogon zance.

Yana zaune a tsakar gida inda rana ta faɗo, bargo a ƙafa, siririn tiyo a hanci, tukunyar iska ta asibiti a gefe. Ƙaramin mutum ne mai manyan hannuwa. Zulema ta gaishe shi, ta miƙa takardun da hannu biyu, ta faɗi abin da ta yi ba ta rage komai ba. Ya ɗaga shafin farko ya karkata shi wajen rana, ya daɗe yana dubawa. Kafaɗunsa suka fara rawa, ta zaci kuka ne, ashe dariya ce, ta koma tari, Delfina ta taho da ruwa.

"Kin iya shara," ya ce. Ya numfasa. "Delfina. Ba ta tsintsiya."

Haka yake magana, kalma uku ko huɗu ya tsaya. Zulema ta ce in zai tuna mata wuraren sai ta mayar. Ya ce bai san su ba. Shi bai taɓa zaɓar wuri ba. Rerawa yake yi da baki a kujerar nan, duk inda numfashi ya tsaya masa sai ya ɗiga. In tana so sai dai ya sake rerawa ita ta riƙe fensir.

Delfina ta ɓata fuska, amma ta kawo kujera da kofi biyu na kunun jan masara. Ya rufe ido ya fara. Muryar ba ta da daɗi, ƙasa-ƙasa take, tana karkarwa. Sauti huɗu, ya tsaya, ƙirjinsa ya yi ƙara, Zulema ta ɗiga. Sauti biyar, ta ɗiga. Uku. Tana cikin haka ta lura da wani abu. Da yake rana na dukan takardar daga gefe, a wasu wuraren ana ganin ɗan lotsawar da tsohon fensirin ya bari. Nata sababbin waƙafan duk suna faɗowa kafin a kai tsofaffin. Inda da yake kai shida, yanzu a huɗu yake tsayawa. Shekara biyu ke nan da rubuta kiɗan. Ta ci gaba da ɗigawa.

Sun kusa awa biyu kafin su gama shafi uku da rabi, da hutu da tari. Ya karɓi takardun ya duba.

"Sun ƙaru ko?"

"Sun ƙaru, Baba."

"To. Bi na yau."

Da suka zo layin ƙarshe ta gyara fensir tana jira. Ya girgiza kai. Ya ce nan babu. Sauran duk numfashinsa ne, wannan kuwa na mutumin da yake kafin rami ne, wanda ke tsayawa a dandali ya ja sauti ɗaya har 'yan mata su gaji da ƙirga. Shi a na huɗu yake tsayawa in ya gwada, don haka ya daina gwadawa. Bai taɓa jin layin daga farko har ƙarshe ba, a kansa kawai yake. Abin da yake so ke nan gobe, ya ji shi sau ɗaya.

Zulema ta ce akwai dabara. Mai busa na iya tara iska a kumatu, ya riƙa tura ta yana zuƙar sabuwa ta hanci, sautin ba zai yanke ba. Ta iya, ba laifi.

Ya buɗe ido sosai, karon farko.

"Ban da sata," ya ce. "Na san ta. Ni ma na yi. Ko ba wanda ya gani, 'yata. Zan ji."

A hanyar saukowa haushi ne ya fara zuwa mata kafin tausayi. Mutum yana zaune a wurin da ko kaza ba ta cika cara ba, ya rubuta abin da ba ya yiwuwa a garinsa, ya kuma hana hanyar da za a bi. Da yamma ta gwada layin sau shida a ɗaki. Ashirin da biyu, ashirin da huɗu, sau ɗaya ashirin da shida, ta tashi tana ganin taurari. Doña Herminia ta leƙo ta ce ta bar shi haka kada ta fasa leɓe. Ta ƙara da cewa in ita ce, kumatun za ta yi amfani da su ta huta, tsohon kunnensa ba kamar da ba. Ta faɗa ne tana goge tabarau, ba ta kalle ta ba.

Ranar Asabar mutum sittin da wani abu suka zo, wanda a taron Sababbin Hannu cika ce. Akwai 'yan kullum, tsofaffin malamai da ɗaliban jami'a da wasu baƙi biyu da sanyi ya koro daga titi. Akwai kuma waɗanda ba a saba gani ba. Delfina ta bi unguwa ta faɗa, mata wajen ashirin suka sauko da mayafansu na ulu da hulunansu, suka zauna a benci biyu na baya, jakunkuna a cinya. Yawancinsu mazansu sun riga sun tafi, ta hanyar da Don Nicanor yake kai. Shi kuma an ajiye shi a layin gaba cikin baƙar kwat da ta yi masa yawa, tukunyar iskar a tsakanin ƙafafunsa.

Kashin farko ya wuce lafiya. Wani malamin makaranta ya raka ta da piyano, suka yi na manyan da suka mutu, aka tafa yadda aka saba. Matan baya suka tafa su ma, don ladabi. Doña Herminia ta miƙe ta faɗi sunan kiɗan ƙarshe da sunan mai shi a jimla biyu, ta zauna. Malamin piyano ya sauka, aka bar Zulema ita kaɗai.

Ta fara. Sauti huɗu, ta tsaya, ta fitar da matacciyar iska, ta ja sabuwa. Ɗakin na dutse ne mai dogon rufi, komai ƙanƙantar motsi sai ya dawo, don haka jan numfashin nata ya fito fili kamar shi ma an rubuta shi. Biyar, ta ja. Uku, ta ja. A gida da ta ji kunyar wannan ƙarar, da ta ɓoye ta. A nan ba yadda za ta yi, jikinta ma so yake. Kafin ƙarshen shafin farko ta ji kiɗan ya zauna daidai, abin da bai taɓa yi ba duk wata shidan da ta yi tana masa kwalliya.

'Yan gaba suna saurare irin na masu ilimi, kai a karkace. A baya ne aka daina motsi. Matan nan sun san wannan jan numfashi, sun yi shekaru suna kwana kusa da shi, suna ƙirga shi ba da niyya ba. Wata ta ja mayafi ta rufe baki. Wata ta sunkuyar da kai tana murza hannun jakarta. Babu wadda ta yi kuka a fili, mutanen unguwar ba su cika yi a gaban baƙi ba.

Ta juya shafi na huɗu. Waƙafi na ƙarshe ya zo. Ta fitar da duk abin da ke ƙirjinta, ta cika shi har wuya, ta shiga layin.

Goman farko sun tafi sumul, sautin ya miƙe ya cika ɗakin, kuma bayan duk wannan yanke-yanken sai ya zama kamar an buɗe taga. A na huɗu ta ga leɓen Don Nicanor ya daina motsi, idonsa a rufe. Goma sha biyar. A na ashirin ƙirjinta ya fara zafi. Ashirin da huɗu, gefen idanunta ya yi duhu, yatsunta suna tafiya da kansu. Ashirin da shida, inda ba ta taɓa wucewa ba a garin nan. Kumatunta suka fara cika, ba ita ta sa su ba, shekarun koyo ne. Da za ta yi zuƙa ɗaya ta hanci, rabin daƙiƙa, da ta kai ƙarshe a tsaye, a tafa, tsoho ya tafi gida da abin da ya roƙa. Tana iya yi ba wanda ya gani. Ta matse kumatun ta mayar da su.

Ashirin da bakwai. Ashirin da takwas ya fito siriri yana rawa. Na ashirin da tara ya fara, ya tsage, ya mutu. Ta cire obon daga baki, ta ja iska da wata irin ƙara da har benci na baya aka ji, ta dafa abin ɗora takarda don kada ta faɗi. Saura biyu. Tana iya ɗaga obon ta ƙarasa su, ba ta yi ba.

An ɗan jima ba wanda ya san ko an gama. Doña Herminia ce ta fara tafi, saura suka bi.

Al'adar taron ita ce mai busa ya sauko da takardun ya mayar wa mai su a gaban jama'a, kafin a fita shan shayi. Zulema ta tattara shafi huɗun ta sauko. Baƙin ciki take ji, ba wani abu ba. Ta durƙusa a gaban kujerarsa don kada ya ɗaga kai.

"Ka yi haƙuri, Baba. Saura biyu."

"Na ƙirga." Ya numfasa. "Ba ki yi sata ba."

"Ban yi ba."

Ya karɓi takardun, ya nemo shafin ƙarshe, ya sa babban yatsansa a kan sautuka biyun da suka rage. Ta zaci fensir zai nema ya ɗiga waƙafi a wurin, ko ya soke su. Mutane sun fara miƙewa, benci na ƙara, Delfina na naɗe tiyo.

"A garinku," ya ce. "Can ƙasa. Yana kaiwa?"

"Yana kaiwa."

"Har ƙarshe?"

"Kullum. Har da sauran iska."

Ya daɗe yana kallonta, ta ga yana auna ko lallashinsa take yi. Da ya gamsu sai ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe yana kaiwa," ya ce.

Ya daidaita shafukan a gwiwarsa, ya haɗa gefe da gefe, ya mayar mata a hannu. Doña Herminia, wadda ba a taɓa karya mata al'ada a ɗakin nan ba, tana tsaye tana gani, ba ta hana ba.

"Tafi da shi can," in ji shi. "Kada ki goge komai."

Delfina ta rataya tukunyar iskar a kafaɗa, ta kama shi ta hammata. Daga layin gaba zuwa ƙofa taku ashirin ne ko ƙasa da haka, matan unguwa suka dare suka ba shi hanya. Zulema tana durƙushe a inda take da takardun a hannu, ta samu kanta tana ƙirga masa. Huɗu ya yi ya tsaya.